Layin Mamman

Shekara tara ke nan bana da kwalekwale ya kife da yayana Mamman a kogin Kwara, yana dawowa daga aikin safiyo, wato awon ƙasa, a yankin Illo. Har yau ban iya tsallaka ruwan nan ido buɗe ba.

Aikinsa na ƙarshe shi ne shata burtali, hanyar da shanu za su bi zuwa mashaya ba tare da sun taɓa gonaki ba. Na'urar awonsa ta lalace, sai ya aro ta wani abokinsa daga tsallaken Benin. Mu nan da'ira digiri ɗari uku da sittin ce, su kuwa can kashi ɗari huɗu suke raba ta. Mamman ya san haka sarai. Ina tuna shi a zauren gidanmu na Bagudo yana yi mini dariya don na kasa ganewa. "Kai dai malamin Hausa na," in ji shi. "Goma tasu, tara tamu ta. In na koma ofis sai in juya su."

Bai koma ba. Wanda ya gaji aikin ya tarar da lambobin, ya ɗauka digiri ne, aka kafa turakun siminti a kansu. A farkon layin karkatar ba ta kai taku ba. Kafin ya isa mashaya, ya ratsa tsakiyar gonakin gero.

Tun daga nan kowace damina sai an zubar da jini. Bafulatani ya nuna turke, manomi ya nuna kabarin kakansa, kuma duk cikinsu babu maƙaryaci. Wurin ya samu suna, layin Mamman, ana faɗarsa ana tofar da yawu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Wayar da ke aljihun kowane saurayi tana juya lissafin can zuwa digiri kafin ƙiftawar ido, amma an rasa mai tumɓuke turke ɗaya. Na yi ta zarya ofis ina bayani har masu gadi suka gane takalmina. Ina jin da sai kawai ya sake ɗaukar ƙafar na'urarsa a kafaɗa, don shi ba mai dogon zance ba ne.

Me ya rage nasa? Mu da muka san shi muna da haƙurinsa da tsabtar hannunsa, amma muna ta ƙarewa. Makon jiya muna kasuwar Illo da babban ɗansa, Nasiru, magidanci mai 'ya'ya biyu, wani dattijo ya ƙura masa ido ya ce, "Yaro, kai ɗan wa na?"

Nasiru ya sunkuyar da kai, ya nuna ni.