Ƙofar da Baba Mai Makullai ya ƙi buɗewa

Kafin ma'aikatan kotu su iso da safe, Baba Mai Makullai ya riga ya zagaye filinsa. Fili ne a bayan kotun, kewaye da katanga, inda ake ajiye motocin waɗanda aka kama suna tuƙi da giya a cikinsu. Yakan bi su ɗaya bayan ɗaya, ya duba taya, ya share ganyen da ya zubo kan gilashi. Wadda ta daɗe a tsaye ya tayar da ita ta ɗan yi zafi, kada batir ya mutu. Ba wanda ya sa shi. Tsaron ƙofa da riƙon makullai aka ɗauke shi yi, sauran halinsa ne. In ka tambaye shi sai ya ce, "Mai motar ne ya yi laifi, ita me ta yi?"

Wannan makon ya ajiye aiki, shi ya sa na ga ya dace a yabe shi tun yana jin mu.

Hanyar da mota ke bi ta iso gare shi ba ta da wuyar ganewa. Jami'an hanya su tsayar da mutum, su miƙa masa na'ura ya busa, na'ura ta tona masa asiri. Shi a wuce da shi ofis, daga nan gaban alƙali, motar kuma janwe ya jawo ta filin Baba. Alƙali ya ci mutum tara, ya dakatar da lasisinsa. In ya saba yi, ko ya ji wa wani rauni, gidan yari ne. Mota kuwa ba ta fita sai da umarnin kotu.

Direban janwen ya ce abin farko da Baba ke yi shi ne leƙa kujerar baya. Nan ake tsintar jakar makaranta, takalmin yaro wari guda, maganin tsohuwa. Sai ya nemi izini ya aika wa iyalin kayansu a ranar. Magatakardar kotu kuma ta ba ni labarin wani da ya zo karɓar motarsa, umarnin alƙali a hannu, bakinsa na tashin abin da ya kawo shi tun farko. Wai murnar ƙarewar hukunci ce ta sa ya ɗan taɓa. Baba bai yi masa faɗa ba. Ya zaunar da shi kan benci, ya haɗa masa shayi, ya ce, "Motarka ce, ba na ja. Amma kira wani ya tuƙa ka, don ban shirya sake karɓar ta da yamma ba." Sai da matarsa ta zo ta ja motar, gogan naka na gefe ya yi tsamo-tsamo.

Waɗannan duk baƙi ne, kuma gaskiya a kan baƙo ba ta da nauyi.

Wata rana da la'asar janwe ya shigo da motar haya, Baba ya gane ta tun daga nesa. Ta ɗan ƙanwarsa ce, wanda shi da kansa ya koya wa tuƙi. Yaron ya sha a wajen liyafar abokinsa, ya fito ya ɗauki fasinja. Alƙali ya dakatar da lasisinsa na watanni, ya ce motar ta zauna a fili har wa'adi ya cika. Baba da ƙanwar nan su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, ba shi da wata, ba ta da wani.

Washegari ta zo ta same shi a bakin ƙofa.

"Yaya, da motar nan yake ci da ni da matarsa. Makulli na hannunka. Ka bar shi ya riƙa fita da safe, ya dawo da ita da yamma. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Ɗanka ne fa! Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Ban yar da shi ba. Abinci zan riƙa aikowa. Ƙofa ce ba zan buɗe ba."

"To riƙe abincinka, ka riƙe ƙofarka."

Ta juya ta tafi. Buhun abincin da ya aika ta mayar masa. Ya je gidanta, aka ce tana barci. Ya koma, aka ce ta fita, alhali yana jin tarinta a ɗaki. Abin ya ci shi ƙwarai, har ya rame. Ya san in ya buɗe ƙofar sau ɗaya ƙanwarsa za ta dawo masa, ya kuma san halin yaronsa da na abokan yaronsa.

Kai ne, Baba, ka zaɓi fushin 'yar'uwarka a kan ka je yi mata ta'aziyya. Kai ne ka ce da ɗan nata, "Zo ka riƙa wanke motarka kana tayar da ita, amma tayarta ba za ta taɓa titi ba." Ya ce, "Kawu, wannan ai kallon abinci ne da yunwa." Ka ce masa ya kalla da kyau.

Ya riƙa zuwa, yana ganin yadda janwe ke shigo da wasu motocin a murɗe, masu su kuwa ba sa zuwa karɓa. Ko abin da ya gani ne ya gyara shi, ko kunya ce, ban sani ba. Wa'adi dai ya cika, ya karɓi motarsa, ba a sake jawo ta ba. Uwarsa kuwa ta ci gaba da fushinta, shekara da shekaru.

Mun gode, Baba, madalla da kai. Sauranmu kuma, kowa da ƙofar da aka ba shi tsaro, ko a ofis ko a gida. Ranar da naka ya ƙwanƙwasa, ka tuna akwai wanda ya iya cewa a'a kuma bai daina son nasa ba.

Amma akwai godiyar da ta fi tamu. Ranar da muka taru a filin don sallamarsa, ana cikin jawabi, motar haya ta tsaya a bakin ƙofa. Ƙanwar ce ta fito, ta tsufa, tana dafa ƙofar mota. Ba ta gaida kowa ba, ta nufe shi kai tsaye.

"Yaya, har yau ban ce ka kyauta ba."

"Na sani."

Ta nuna ɗanta da haɓa. "Amma ga shi nan da ƙafafunsa, shi ya tuƙo ni. Tattara kayanka ka shiga, gida za mu. Na dafa da kai."

Baba ya juya mana baya, ya goge ido da hularsa, sannan ya bi ta.