Takardar da Na Jefa a Akwatin Shawara

Wautar da na tafka ita ce, na rubuta ƙorafi da hannun hagu don kada a gane rubutuna, amma a bayan takardar rajistata na rubuta shi. A gabanta ga sunana, ga lambata, ga hotona ina washe baki kamar an ba ni kyautar rago.

Shekarata sha bakwai lokacin, ina ajin share fage a wata kwaleji da ke gefen garinmu, Talata Mafara. Muna tsakiyar zango aka sauke shugaban kwalejin, aka rushe hukumar gudanarwa, aka kawo sababbin mutane. Ba wanda ya gaya mana dalili, saboda haka kowa ya ƙera nasa. Aka sauya wa ofisoshi wuri har malamai suka riƙa ɓacewa suna tambayarmu hanya. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne sabon shugaba yana yawo da ƙafa, yana gaida ɗalibai. Tsohon, motarsa kawai muka sani. Mutumin da zai tsayar da kai ya tambayi gida da mutan gida, har da gajiyar karatu, lallai akwai abin da yake nema.

Sai kuma aka kafa wani koren akwati mai kwaɗo a bakin ɗakin karatu, wai na shawara. Abokina ɗan Damaga, wanda muke zama benci ɗaya, ya zagaya shi sau biyu ba tare da ya taɓa shi ba.

"Wanga tarko ne," in ji shi. "Ka rubuta, su ɗauko takardar jarrabawarka su gwada rubutu, su kore ka. Ni ko sunan Allah ba ni sawa ciki."

Da na bi maganarsa in ba don sabon jadawali ba. Tun da aka kafa kwalejin ba a karatu ranar Talata da safe. Ba a rubuta haka ko'ina ba, kowa dai ya sani, ranar kasuwa ce. 'Yan Bakura suna rakiyar shinkafa, masu gona a Bakolori suna kan buhunan albasa, malamai ma a kara ake haɗuwa da su suna lalube ƙirjin tumaki. Ni kuwa ina teburin Baba, don mahauci ne. Sabon jadawali ya ɗora gwaji kowace Talata da ƙarfe tara. Nan take muka gano makircin, so ake a tankaɗe 'ya'yan 'yan kasuwa a zubar.

Baba bai yarda na shiga kwaleji ba sai da sharaɗi biyu. Talata tasa ce, kuma kada a taɓa kawo masa ƙarata. Da na gaya masa zancen gwajin, bai ɗago daga haƙarƙarin da yake sara ba.

"Ni ban san jadawali ba, Talata na sani," ya ce. "Ranar da sunka koro ka, ga wuƙarka can, na wasa ta."

Na san wuƙar. A rataye take a bayan ƙofa, kullum sai mun haɗa ido.

Shi ya sa na zauna na rubuta. Na ce wanda ya tsara jadawalin nan bai taɓa ganin kasuwa ba, ƙila a jirgin sama aka haife shi. Na ce yunwa za ta gama da Mafara, ungulayen mahauta ma sun fara haɗa kaya. Na sa hannu da Bawan Allah, na ninke, na jefa da rana tsaka kowa yana masallaci.

Washegari aka ce a kawo takardar rajista don a yi mana sabon katin shaida. Na zazzage jaka, na sake zazzagewa, sai na tuna a kan abin da na rubuta ƙorafin. Na koma wurin akwatin da tsinken tsintsiya da cingam a bakinsa, na yi ta kamun kifi. Ledar biskit kawai na ciro. Mai gadi yana kallona daga ƙarƙashin dalbejiya, sai na tabbata shi ma da shi ake.

Kwana tara ina jiran kora. Duk malamin da ya yi mini murmushi sai in ce ya karanta. A na goma masinja ya leƙo aji ya kira lambata. Abokina ya riƙe mini hannu kamar mai ta'aziyya.

"Allah shi sa kaffara ce. Wurinka na kusa da fanka, ka bar min?"

A ofis muka gaisa da shugaba gaisuwa mai tsawo, har ya tambayi lafiyar Baba, abin da ya ƙara tsinka mini zuciya. Sannan ya ɗaga takardar, ya dubi hoton, ya dube ni.

"Wannan kyakkyawan saurayin kai ne?"

"Ranka ya daɗe, mutane suna kama."

"Ungulayen sun riga sun tashi, ko suna jiran mota?"

Na shiga karanta duk addu'ar da na haddace a zuci. Ya ajiye takardar ya ce in zauna in gaya masa me ke faruwa ranar Talata. Na ɗauka gatse ne, amma da gaske yake. Daga nesa aka turo shi, ya ga safiya guda babu komai a tsohon jadawali, ya zaci sakaci ne ya cike ta. Malamai sun gani, kowa ya ja bakinsa don kada a ce yana barin aiki ya tafi sayen tumaki. A cikin akwatin kuma, ban da ledoji da ɓawon gyaɗa, takardata ce kaɗai. Na yi masa bayanin kasuwa tun daga kara har rumfar masu albasa, yana rubutawa a ɗan littafi. Rubutun nan bai kwanta mini ba. Da na fito sai da na waiwaya sau uku.

Bayan mako biyu aka manna sanarwa. Babu karatu ranar Talata sai bayan azahar, an mayar da gwajin Asabar da safe, kuma an naɗa ni wakilin ɗalibai a kwamitin jadawali. 'Yan ajinmu suka haɗa wannan da wancan, suka yanke cewa tun farko ni ɗan leƙen asirin shugaba ne, ni na cinye musu barcin Asabar. Abokina ya daina magana idan na zo, ya kuma ƙi tashi daga wurin fanka.

Ba a kore ni ba. Baba bai taɓa jin labarin ba, kuma har na gama share fage ina teburinsa kowace Talata.