Ƙasar da Na Sa Aka Zuba wa Siminti

Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jami'in kiyaye haɗari a Jidda. Abubuwa da yawa sun shige mini, amma safiyar Talatar da na zaga bayan sakan na kamfaninmu ta ƙi fita daga raina. Ku da kuka zo aikin nan kwanan nan ku saurara, don ba labarin bajinta zan ba ku ba.

Lokacin shekarata biyu da zuwa, ina ji da kaina ƙwarai. Kamfanin na ajiyar kaya ne a kudancin gari, sakan kuwa shi ne gidan kwanan leburori, yawancinsu 'yan Indiya. Duk Talata nakan taso daga unguwar Madain Fahd in zagaya shi: wayoyin wuta, tukwanen gas, ƙofar gudu. Abin da na ga haɗari ne sai in ɗauki hotonsa in shigar a kwamfuta. Da zarar na shigar ya wuce teburin mudir, wato manajanmu, kuma rahoton ba ya rufuwa sai an gyara abin ko mudir ya ba shi izinin zama.

Ranar na leƙa bayan ɗakin wanki sai na ga an haƙa wuri mai faɗin ɗaki, an cika shi da jar ƙasa. Ga fartanya a jingine, ga gungumen katako ɗaure da igiya. A dokarmu duk haƙar da ba ta da takardar izini haɗari ce. Ban tambayi kowa ba, na shigar tun ina tsaye a wurin.

Ina juyowa na ci karo da Baba Bakur, mai kula da sakan. Dattijo ne Bahaushe, haifaffen unguwar Hindawiyya ta nan Jidda, kakansa ne ya zo hajji bai koma ba. Muhandis yake ce mini, wato injiniya.

"Ya muhandis, me ka yi yanzu?"

"Aikina, Baba."

"Haba ɗana. Wannan ai filin Yunus ne. Wallahi da ka tambaya tukuna."

Na ce masa takardata ba ta da gurbin filin Yunus, na shige mota.

Yunus direban motar ɗaga kaya ne. Kowa ya san shi, wuyansa kamar turmi, kunnuwansa duk a murɗe. Abin da ban sani ba shi ne sau biyu yana cin gasar kokawar gargajiya ta yankinsu a Indiya. Kokawarsu ba irin tamu ba ce da gwiwa na taɓa ƙasa an gama. Su sai ka kwantar da mutum kafaɗunsa biyu sun manne da ƙasa, don haka sauka da ka ko a kan wuya abin kullum ne. Shi ya sa suke tattalin ƙasar filin. Tankaɗe ta ake yi, a zuba mata mai da kurkum da nono, kullum bayan asuba a kafce ta a ja gungume a daidaita. Shekara guda Yunus da abokansa suka yi suna haɗa wannan, buhu-buhu.

Washegari ya zo ofishina. Na nuna masa kujera, ya ƙi zama. Da guntun Larabcin nan na leburori muka yi magana.

"Muhandis, wata huɗu kawai. Hutuna zai zo, in tafi gasa. Wanda ya ci sau uku, kulkin azurfar da ake ba zakara ya zama nasa har abada. Shekarata talatin da biyar, ba ni da wata shekarar. Kafin in tafi ni da hannuna zan cike wurin."

Na ce, "Na riga na shigar. Halas, an gama."

Bari in faɗa muku gaskiya. Da na ga dama, da na je wurin mudir na nemi a ba filin izini a kewaye shi da shinge, aikin rabin yini ne. Girman kai ne ya hana ni. Gani nake in na koma na ce na yi gaggawa, za a ce ɗan Najeriyar nan bai san aikinsa ba. Mako guda aka kwashe ƙasar aka zuba siminti. Na ɗauki hoto na rufe rahoto, har mudir ya yaba mini a taron ƙarshen wata.

Ni a wautata kokawa ta ƙare ke nan. Ina, mutumin da ya rage masa wata huɗu ne zai daina? Wani ɗakin ajiya da ba a amfani da shi suka koma, suka shimfiɗa kwalaye da tsofaffin katifu a kan tayil. Ranar Talata sai su kwashe kafin in iso. Baba Bakur ya sani, bai gaya mini ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Bayan kamar mako shida, wata Juma'a da la'asar, wayata ta yi ƙara. Baba Bakur ne.

"Yalla, maza taho asibiti. Yunus ne."

Abokin atisayensa ne ya ɗaga shi ya juya, katifar ta zame, ya sauka da wuya a kan tayil. Likita ya ce ƙashin wuyan ya karye kuma lakar ta taɓu. Daga ƙirji zuwa ƙasa babu inda yake motsi.

Rahoton haɗari ni ke rubuta shi. Akwai gurbin da ake tambayar asalin sababi, a nan na rubuta cewa an rufe musu filin ƙasa ne suka koma kan tayil. Mudir ya kira ni ya tura mini takardar.

"Wasa ne ba da izini ba, bayan lokacin aiki. Haka za ka rubuta."

"Ya mudir, amma ai mu ne muka..."

"Iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, a hannun wa take?"

Ko murya bai ɗaga ba. Na koma na goge, na rubuta abin da ya ce, na sa hannu. Har yau in na tuna kunya ce take kama ni.

Kwana tara ina zuwa bakin ɗakin Yunus ina juyawa. Ranar da na shiga na same shi ya faɗa, wuyan nan a cikin ƙarfe. Na fara kame-kamen neman gafara, ya bari sai da na gama.

"Muhandis, irin wannan faɗuwar na yi ta ya fi sau ɗari tun ina ƙarami. A kan ƙasa tashi nake in kakkaɓe jikina."

Ya rufe ido. Da zagina ya yi, wallahi da ya fi mini sauƙi.

Kamfani ya yi masa takardar barin ƙasar ta dindindin. A kan gado aka shigar da shi jirgi tare da ma'aikacin jinya, saura mako uku gasar. Daga baya abokansa suka ce an kai shi filin a keken guragu, yana kallo wani ya ɗaga kulkin. Baba Bakur ya yi wata shida ba abin da ke haɗa mu sai sallama.

To ga abin da na koya. Kafin ku hana mutane abu, ku tambaye su dalilin da ya sa suke yin sa haka, ku kuma tambayi kanku ina za su koma in kun hana. Leburorin nan sun san jikinsu fiye da yadda takardarmu ta san shi, kuma wani lokaci abin da muke kira haɗari kariya ce suka yi wa kansu. In kuka duba fayil ɗina na wannan shekarar ba za ku sami kuskure ko ɗaya ba. Yunus kuwa yana can ƙauyensu a kwance, matarsa ce ke juya shi safe da yamma.