Malam Pindar da Jajayen Ƙwayoyi

A wani ƙauye kusa da Biu aka haifi Malam Pindar. Ya koyi haɗa magani a asibitin mishan, daga baya ya buɗe ɗan shago a bayan Kasuwar Litinin. Ya daɗe yana sayar da jajayen ƙwayoyin barci, har ya lura masu saye ba sa canjawa, sai dai wanda guda take isarsa bara, bana uku yake nema. Sai ya daina sayarwa, ya shiga neman abin da zai sa mutum barci ya kuma sake shi da safe. Yakan sayi sassaƙe da saiwoyi wurin matan Shuwa ya dafa, kuma ba ya ba kowa sai ya fara sha da kansa. Wani ya sa shi gudawa, wani ya kumbura masa leɓe. Bai fasa ba.

Yayana Nasidi dillali ne a Kasuwar Shanu. Tun tarzomar bara, ta 1966, barci ya ƙaurace masa saboda abin da ya gani a tasha. Ya kama shan ƙwayoyin nan. Ban daɗe da dawowa daga jami'a ba, wata rana da hantsi na yi ta jijjiga shi bai motsa ba. Har yau ina tuna nauyin kansa a hannuna. Da muka kai shi asibiti, likita ya ce in aka sake haka ba zai farka ba, in kuma ya daina farat ɗaya jijjiga za ta kama shi.

Malam Pindar ya karɓi aikin. Kullum da yamma yakan buɗe ƙwaya ya rage garin kaɗan, ya ba shi tare da ruwan dahuwarsa mai ɗaci. Yaya yana sha ba gardama, yana kuma barci. Mu muna murna, Malam Pindar yana ɓata fuska.

"Wanda ake rage wa abin nan zagina ya kamata ya yi," in ji shi. "Yayanka kuwa har godiya yake min."

Washegari ni da Malam Pindar muka bi Yaya kasuwa. Dillalai na zaune a inuwa. Mukhtari, amininsa tun suna yara, ya kwance ganyen goro ya zagaya da shi, ga jajayen ƙwayoyi kwance a tsakanin goron. Kowa ya ɗauka. Yaya ma ya ɗauka, don a wurin nan ba a mayar da hannun aboki.

"Mukhtari, kashe shi za ka yi?" in ji Malam Pindar.

"Haba Malam. Ina da shi a aljihu, ɗan'uwana yana kwana ido biyu, in hana shi? Ai sai a ce na yi rowa."

"To ni ne babba a nan, ko?"

"Ko shakka babu. Furfurar ma ta faɗa."

"Ashe daga kaina za a fara."

Aka miƙa masa. Ya tsince jajayen duka ya zuba a aljihu, ya bar musu goron. Aka yi dariya, wani ya ce tsohon nan ya fi barandan kasuwa iya ciniki. Mukhtari bai yi dariya ba.

Daga ranar Malam Pindar yakan rufe shago da rana ya zo kasuwa ya zauna kusa da Yaya cikin ƙuda da warin kashin shanu. Masu saye suka koma wani shagon. Matarsa ta yi magana, ya ce ta ƙara haƙuri.

Sannan aka shiga wahalar gaske. Hannun Yaya ya kama rawa har ba ya iya riƙe igiya. Ya zagi Malam Pindar, ya zage ni, ya watsar da ruwan dahuwar. Malam Pindar ya sake dafa wani, ya kurɓa a gabansa, ya miƙa masa.

Wata Laraba zazzaɓi ya kwantar da Malam Pindar, ni kaɗai na je. Mukhtari ya kwance ganye, ya tsallake kowa ya miƙa wa Yaya. Yaya ya daɗe yana duban ganyen, gumi na zubo masa.

"Mukhtari, ka yafe ni. Ba zan ɗauka ba."

"Hannuna ka mayar, Nasidi?"

"Na mayar."

Mukhtari ya naɗe ganyensa ya koma wata inuwar. Har yanzu ba ya gaishe mu.

Yaya ya rabu da ƙwayar kafin damina ta faɗi. Barcinsa guntu ne, wani lokacin ma babu, amma in aka kira sunansa yakan amsa. Da na kai wa Malam Pindar labari yana kwance, sai ya ce in ɗora masa tukunya, akwai wata saiwa da bai gwada ba.