Tsakuwa Tara, Tulu Ɗaya

Bari in faɗa da bakina tun ba a tone ni ba: wawan labarin nan ni ne, kuma da ilimin lakwal, wato boko, na tafka wautar.

Wata Talata ce, shekarar da malamanmu suka shiga yajin aiki aka rufe lakwal, Maraɗi kuwa ta cika da jam'iyyu, ko'ina ka juya mitin. An kwashe ni daga unguwarmu Zariya, nan cikin Maraɗi, an kai ni Tsibiri wurin kakata Dije, don baba ya tafi ci-rani Katsina bai dawo ba. Da hantsi aka yi ruwan farko. Ƙasa ta yi ƙamshi, zama ya gagare ni. In shiga, in fita, in dubi gabas, in leƙa buhun iri. Buhu ɗaya tak baba ya bari, shi ne tuwon gidan na baɗi.

Kaka ta tona ƙasa da hannu, ta ga laimar ba ta wuce yatsu ba, ta ce wannan ruwan kashe ƙura ne, a jira. Ni kuwa, mai shekara goma sha uku da aji biyar cif, na ji rediyo na cewa zamanin da mutum ɗaya ke yanke magana ya wuce. Na tara ƙannena da 'ya'yan kawu da matar kawu, wadda ke jin nauyin musa mani, na ajiye ƙorai biyu, ta a shuka da ta a jira, kowa ya jefa tsakuwa. Har jaririn goye na jefa ma tashi. Mu tara, kaka ita ɗaya. Ta dube ni ta ce, “To, angona, mulki naka ne.” Ta turo buhun.

Kwana biyu muna gona, ina gaba da sungumi ina sara, suna baya suna jefa iri suna takewa da diddige. Hatsi ya tsiro tsanwa shar, na fara tafiya irin ta ministoci. Sai sama ta bushe. Sati uku ba ɗigo. Kullum sau uku nake zuwa gona, kamar kallona zai shayar da ita. Tsiron ya naɗe, ya yi ja, iska ta binne shi da rairayi. Na fara tambayar hanyar Jiratawa, wai in tsere wurin masu noman rani kafin baba ya dawo.

Ranar da ruwan gaske ya sauka, laima har gwiwar hannu, maƙwabta suka fita da ƙoransu, mu muka yi cirko-cirko. Kaka ta jawo wani tulu daga ƙarƙashin gado, bakinshi liƙe da laka, ta ɓare. Rabin irin ne, gauraye da toka. Ashe tun kafin ƙuri'a ta ɗebe shi. Shi muka shuka sarari-sarari, shi ya riƙe mu.

Yau gonar nan gidaje ne, yaran gidana kuwa a waya suke duba ruwa. Na jima ban ga wanda ya durƙusa ya tambayi ƙasa da hannunshi ba, kuma ina kewar wannan hannu.

Amma ban rasa baki ba a lokacin. Muna cin tuwon sabon hatsi na ɗaure fuska na ce ma kaka abin da ta yi, a doka, maguɗi ne. Ba ta ko ɗago ba.

“Maguɗin ne ke cikin bakinka,” ta ce. “Tofar, ka je ka tauna tsakuwoyinka tara.”