Goron da Na Kai wa Nasara a Bukkarsa

Shekarar da babban ɗana ya kai ni Amurka aikin ido, da rigima a tsakaninmu. Yana so a rushe zauren gidanmu na Zongon Wagadugu, na ƙasa, wanda kakana ya gina, a zuba butik, wato kanti, na siminti a wurin. Har ya gama magana da wani maso, wato magini, a unguwar Dapoya, ni kaɗai ake jira in ce to. Ni kuwa lakwal ɗin da na yi, wato 'yar bokona, ba ta kai ta ja da mai digiri ba. Kullum sai in ce masa, "Bari idon ya warke tukuna."

Idon ya ci amanata, ya warke. Wata Asabar yaron ya ce zai kai ni in ga irin garin da Ingilishi suka fara kafawa da suka sauka ƙasar, wai an sake gina shi yadda yake a da. Na sa babbar riga, na cusa sauran goron guzurina a aljihu.

Jama'a, ashe masu jirgin sama daga bukka suka fito! Shingen itace, rufin ciyawa, kaji na yawo son ransu. Wata mata ta durƙusa tana hura murhu, hayaƙin ya bugi hancina, sai ga ni a tsakar gidanmu, innata tana tuƙa tuwo tana zagin ɗanyen icce. Na share ido, na ce aikin likita ne.

Tun a mota ɗana ya gaya mini mutanen wurin 'yan wasa ne, da yamma kowa motarsa yake hawa ya tafi gida. Na ji. Amma mutum na zaune a ɗakinsa da gemunsa, ka faɗa masa da takalmi? Na tuɓe, na yi sallama, na miƙa wa maigidan goro.

"Baba, don Allah, ana kallonmu."

"To ba kallon aka zo ba?"

Nasaran ya gatsa, ɗacin ya kawo masa hawaye, amma ya haɗiye ya yi godiya. Ɗan halak ne. Ya tambaye ni wata nawa na yi a teku. Na ce a gaya masa ta sama na zo. Ya ce bai taɓa jin ƙarya irin wannan ba. Nan na ji mutumin ya kwanta mini.

Na ce wa ɗana, "Tambaye shi, in baƙo ya zo ina yake sauke shi? Ban ga zaure ba."

"Baba, babu zaure a Turanci."

"Duk karatun nan naka?"

Nasaran ya matsa sai an gaya masa abin da na ce. Dole yaron ya fara bayani. Ba na jin Turanci, hannunsa na bi. Ya nuna kaurin bango. Ya nuna ƙofar waje da ta cikin gida. Ya jera huhunan goro a iska har sama, ya yayyafa musu ruwa yadda babana yake yi da asuba. Ya shimfiɗa wa fataken Kumasi tabarmi. Sannan ya sauke tafinsa daidai gwiwa, na gane kansa yake nufi, lokacin da yake ɓuya a bayan kaya yana satar jin hirar baƙi. Ni na ɗauka ya manta duk wannan. Mutane suka taru. Turancin ya riƙa ƙare masa, yana cikewa da Faransanci, har Hausa ta kuɓuce.

Nasaran ya yi wata gajeriyar tambaya. Na taɓo yaron.

"Me ya ce?"

"Wai ɗakin yana nan har yanzu?"

"To ba shi amsa mana. Kai ne mai maso."

Ya ce masa yana nan.

Muka kama hanyar komawa. Da muka tsaya shan mai, na ji shi a waya da maso, yana cewa a dakata. Bai ce an fasa ba, kada in yi masa ƙarya. A dakata ya ce.

Har yau a dakace muke. Damina ta ci kusurwar gabas, masu iya yaɓe kuma sun yi wuya a Wagadugu, sai na aika ƙauye. Yaron yana ƙorafi duk shekara, yana kuma tambaya ko an gyara rufin.