Kofi Huɗu a Kan Tire

Shekara ashirin da shida ta yi tana girki a makarantar kwana ta 'yan mata, kuma da wuya a sami ɗalibar da ta san sunanta na gaskiya. Mama Ƙari suke ce mata, domin in yarinya ta miƙo kwano ta marairaice, sai ta saci kallon shugabar kicin, ta ƙara mata rabin ludayi. Mace ce gajera, mai faɗin kafaɗa, mai kaifin harshe. Tukunyar da mutum biyu ke kamawa, ita da tsumma biyu take sauke ta. Mijinta ya rasu ɗansu tilo yana aji uku na firamare, da wannan aiki ta raine shi har ya zama mai gyaran injinan asibiti.

Harshen nan ne ya raba ta da shi. A asibiti ya haɗu da wata nas ya aura. Zuwansu na farko gidan, surukar ta shiga kicin ta haɗa shayi, ya zo salam. Mama Ƙari ta leƙa ta taga ta ce wa maƙwabciyarta, "Allura ta iya, amma ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba. Yunwa za ta kashe mini ɗa." Ashe yarinyar tana tsaye a bayanta. Washegari suka tafi, ba a jima ba aka yi musu canjin wurin aiki zuwa nesa. Ɗan yakan kira duk ƙarshen mako, gaisuwar minti biyu. Jikarta kuwa a hoton waya kawai ta san ta. Haka aka ci shekara shida.

Ana cikin haka hannunta na dama ya fara rawa. Da farko sai in ta gaji, daga baya duk abin da ta ɗauka sai ya karkaɗa. Ran da miya ta zube mata a gaban layin ɗalibai, ta je ofis ta ce gwiwa ta matsa mata, ta ajiye aiki. Ba wanda ta gaya wa gaskiya. In ta fita, hannun yana ƙarƙashin mayafi. Ko gidan maƙwabta ta shiga aka ba ta ruwa, sai ta ce yanzu ta sha.

Da ɗan ya ce za su biyo ran Alhamis su gaishe ta, ta tsara komai. Za ta gasa kek da sassafe, lokacin da hannun ya fi lafawa, ta yanka ta jera tun kafin su iso. Sai ga waya ran Laraba, ƙarfe uku da kwata.

"Mama, tafiyar ta canza, gobe da safe za mu wuce. Nan da awa ɗaya muna gidan. Kada ki wahalar da kanki, mun ci abinci a hanya."

"Wace wahala, Babana? Sai kun iso."

Tana ajiye wayar ta nufi kicin. Ta murɗa kan murhu, wutar ta yi shuɗi, ta yi fuf, ta mutu. Mai kawo gas sai gobe. Ta tsaya riƙe da ashana. Ita da ta yi wa 'yar mutane gorin girki, yau ta tare ta da ruwa da "sannu da zuwa"?

Ta buɗe firij. Robar yogot babba, mangwaro biyu, ayaba uku, bota. A kan kanta akwai fakitin biskit da kwalbar zuma. Ta tuna wani abu da takan haɗa wa malamai in baƙi sun faɗo makaranta ba shiri, wanda ba ya bukatar wuta.

Ta shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan rariya, ta juye yogot ɗin don ruwan ya tsane ya yi kauri. Ta zuba biskit a leda, ta ɗaure, ta bi ta kai da kwalba tana murzawa. Wannan kam rawar hannu ba ta hana shi ba. Ta sa bota a ƙaramin kwano, ta ɗora kan ruwan zafin da ya rage a fulas har ya narke, ta cakuɗa da garin biskit ɗin. Da ta zo kan mangwaro ta ɗauki wuƙa, bakin wuƙar yana lilo a kan yatsunta. Ta ajiye. Ta ɓare fatar da farce, ta riƙa kankaro naman da cokali. Ayabar ma da gefen cokali ta yayyanka ta, wani yankan kauri, wani siriri.

Huɗu saura ashirin. Ta ciro kofunan gilashin da ba ta taɓa su sai da baƙi. Biyar ne. Na farko ta sauke lafiya, na biyu ya kuɓuce ya tarwatse a ƙasa. Ta ja salati, ta share da ƙafa zuwa gindin bango, ta ga jini a ɗan yatsan ƙafarta, ba ta ma bi ta kansa ba. Saura huɗu, su ma huɗu ne. Ba damar wani ya sake faɗuwa.

Ta ja kujera ta zauna, ta kafa gwiwar hannu a kan tebur, ta riƙe wuyan hannun dama da na hagu. Biskit a ƙasa, ta danna. Yogot da ta gauraya da zuma a kai. Mangwaro. Yogot kuma. Ayaba a sama. Duk cokalin da ta ɗauko sai ya shafi bakin kofi, ta goge da tsumma, ta sake. Gumi yana bin bayanta. Ta ɗauki kofunan ɗaya-ɗaya da hannu biyu ta sa su a wurin ƙanƙara, tana rufewa ta ji tsayuwar mota.

Ɗan ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa a gemu. Matar ta durƙusa ta gaishe ta, gaisuwa cikakkiya amma ba fara'a. Yarinyar, 'yar shekara biyar, ta maƙale a jikin uwar.

"Zo mana, ƙawata. Ko tsohuwar ta fi hoto muni?"

Ɗan ne kaɗai ya yi dariya. Aka zauna a falo. Yaya hanya, yaya aiki, yaya gwiwa. Hira ta ƙare, sai ƙarar fanka. Mama Ƙari ta naɗe hannunta cikin mayafi tana ƙirga minti a agogon bango. Da minti ashirin suka cika, ta san kofunan sun yi sanyi, ta miƙe.

"Mama, in taya ki?" in ji surukar.

"Yi zamanki. Ke baƙuwa ce."

Sai da maganar ta fita ta ji yadda ta sauka. Fuskar surukar ta ƙara ɗaurewa.

A kicin ta jera kofi huɗu a kan tire, da cokula. Daga nan zuwa teburin falo bai fi taku goma sha biyu ba. Ta ɗauka. Taku uku lafiya. A na huɗu cokulan suka fara ƙara. Ta matse tiren a ƙirjinta, abin ya ƙaru, kofunan suna bugun juna, kar-kar-kar, har falo ana ji. Ta iso bakin labule, idanu shida a kanta, kofin gefe yana zamewa a hankali.

"Kaka, me ya sa hannunki yake rawa?" in ji yarinyar.

Kafin wani ya amsa, surukar ta riga ta iso. Ta sa tafin hannu a ƙarƙashin tiren, ta tare kofin da ɗan yatsa.

"Sakar mini, Mama. Na riƙe."

Ta sakar mata. Hannun ya fito fili, yana ta karkarwa, ba mayafin da zai rufe shi. Ɗan ya miƙe tsaye.

"Mama! Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Kika ce mini gwiwa?"

"To me zan ce maka? Zauna ka sha, kafin ya huce." Ta ji abin da ta faɗa, ta gyara, "Kafin ya narke."

Suka sha, yarinyar tana tono biskit daga gindin kofi. Ɗan ya kasa kai rabi. Matarsa ta shanye nata tas, ta kwashi kofunan ta yi kicin, Mama Ƙari ta bi ta. Can ta same ta tana kallon fasasshen gilashi da ɗigon jini a ƙasa.

"Zauna, Mama, in ga ƙafar."

Ta wanke yankan, ta ɗaure. Sannan ta ce mata ta miƙo hannayen biyu, ta taɓa hancinta da yatsa, ta ɗauki kofi ta ajiye.

"In kina zaune yana yi, ko sai kin ɗauki abu?"

"Sai na ɗauki abu. In raina ya tashi kuma ya fi."

"Akwai likitan da ke duba irin wannan. Ba abin ɓoyewa ba ne."

Mama Ƙari ta ce, "'Yata, maganar da na yi a wannan kicin ɗin, ban kyauta ba. Ki yafe mini."

Surukar tana wanke cokali, ba ta juyo ba. "Ta yi mini ciwo, Mama. Na daɗe ina jin ta." Ta kashe famfo. "Amma ya wuce."

Ba su tafi washegari ba. Ɗan ya kira wurin aiki ya nemi kwana uku, matar ta samo musu layin ganin likita ran Jumma'a. Aka yi gwaje-gwaje, aka rubuta mata ƙwaya ƙarama, safe da yamma. Rawar ba ta tafi duka ba, amma cikin wata guda ta iya zura maɓallin riga, ta kuma koma shan shayi a gidan maƙwabciyarta, wadda ta yi ta mita kwana biyu don an ɓoye mata. Ran da za a koma ganin likita, surukar ce ke bugo waya ta tuna mata, wani lokaci ma har su yi sa-in-sa a kan ko ta sha maganin safe.